Shekarar da Ragon Baba Gado Ya Shiga Hotonmu

Ku huɗun nan, tun kuna ƙanana har ga shi kun tara naku 'ya'yan, ba a taɓa haɗuwa gidan nan ranar Salla aka watse wani bai tayar da zancen ragon Baba Gado ba. Illa ya fi kowa. Da kunnena na ji shi yana faɗa wa matarsa wai uwarsa ta taɓa aron rago da gona don ta ruɗi mijinta. To, ni ban ari rago ba, ragon ne ya kawo kansa. Ubanku ya riga mu gidan gaskiya, Ayya da Baba Gado ma haka, Allah ya jiƙansu. Cikin manyan da suka ga abin ni kaɗai na rage, don haka ku ji yadda aka yi daga bakin mai shi.

A lokacin ubanku yana Abijan, damina ta huɗu ke nan ana shuka ba da shi ba. Ya tafi bida, wato ci-rani, kamar kowane namijin Adar, da cewa rani ɗaya zai yi, ya bar ni da cikin Auta. Teburin shayi da burodi ya kafa a bakin wata tasha, kuma kowace shekara da dalilinta. Bana ciniki bai yi ba, sai ya ƙara. Baɗi ciniki ya yi, to wa ke barin ciniki? Mu kuwa muna ƙauyenmu bayan Karofane, ni da Ayya mahaifiyarsa da ku. Babba, wanda har yau bakina ba ya iya sunansa tunda ɗan fari ne, ya fara riƙe hauya kamar namiji. Ramatu na bi masa, sai Illa mai baki kamar zabo, sai Auta da bai taɓa ganin ubansa ba. Muryarsa kawai ya sani, in mun hau dutsen bayan gari da wayar mai butik, wato mai kantin garinmu. Nan kaɗai ake samun rezo, waya ta kama, kusa da wani falalen dutse da samari suka raɗa wa suna Biro, wai ofis.

Gero ya fara fid da kai sai ga Hamidu, wani ɗan Urno da ke zaune ɗaki ɗaya da ubanku, ya zo duba mahaifiyarsa. Ya kawo mana saƙo cikin leda: waya ce ja 'yar Sin, mai ƙara kamar rediyo, da ɗan ido a bayanta. Da aka kunna ta, ga ubanku a ciki, ya jingina da wata farar mota, ya sa baƙin tabarau, ƙafa ɗaya bisa taya. Ayya ta kai wayar har bakin hancinta, ta daɗe tana dubawa.

"Ya yi ƙiba," ta ce. "Mai ƙiba ba shi tuna gida."

Washegari na hau Biro, na kira shi da wayata ta kaina, ina jin kaina kamar matar komanda.

"Ki ɗauko mini yaran hoto," ya ce. "Akwai ɗan karti cikin wayar, nan hotunan ke zama. In Hamidu zai komo ki ciro ki ba shi."

"In kai su Buza ga mai hoto?"

"Wanga mai labulen jirgin sama da hurannin roba? A'a. Ke za ki ɗauka, kuma waje. In ga yarana, in ga ƙasa, in ga gero."

Da na sauko na faɗa wa Ayya, sai ta ajiye ƙwaryar da take ɗinki, ta gyara zama. Na san shawara na tafe, don Ayya ba ta gyara zama a banza.

"Allah ya kawo mana shi har gida. Ki sa musu tsummoki, kada ki shahwa musu mai. Ki kai su gonarmu ta tudu inda geron bai wuce gwiwa ba. Shi gani da idonai, shi ji kunya, shi taho."

"Ayya, ba shi ɗai zai gani ba hwa. Duk 'yan Adar na Abijan sai sun gani. A ce ɗiyan wa ne waɗanga?"

"Kunya ba ta noma, 'yar nan."

Gaskiyarta ce game da gonar. Tudu ce mai duwatsu, kuma ni da Babba ba mu samu yin maimai, noma na biyu, a kan lokaci ba, ciyawa ta riga mu. Amma ni ma ina da tawa gaskiyar. Macen da ta riƙe gida shekaru ita kaɗai, ba wanda ya kwana da yunwa, ba wanda ya fita tsirara, tana so a gani. Ban so a zagaya da 'ya'yana tashar Abijan ana cewa wayyo. Na ce wa Ayya to, irin to ɗin da suruka ke faɗi, na shiga neman sabulu.

Sai dai ɗaukar hoto ba daka ba ne, da za a ce tun ina yarinya na iya. Na fara cikin ɗaki, na jera ku jikin bango, na danna. Abin da ya fito baƙi ƙirin, sai wasu dunƙule-dunƙule. Na nuna wa Ayya.

"Waɗanga jikokina ne ko tukwanen da anka kihe?"

Na fito da ku tsakar gida da rana tsaka, duk kuka runtse ido kuka yamutsa fuska kamar an ba ku ɗanyar tsamiya. Na sake, babban yatsana ya rufe Illa. Na sake, kaza ta gifta, ita kuwa ta fito sarai har ana ƙirga gashinta. Kwana da kwanaki ina fama, tuwo na ƙonewa, kafin na gane abubuwa da kaina. Rana a bayana take so ta kasance, ba bayanku ba. Hasken safe da na bayan la'asar ba sa sa yaro ya runtse ido. In na tsuguna daidai tsayin yaro, sai ya fito mutum. Kuma lokacin dannawa sai in riƙe numfashi kamar mai zura zare a allura. Abu ɗaya ya gagare ni, wato Ramatu. A shekarar ta miƙe kamar karan dawa, har ta kere wa yayanta. In na tsuguna don Auta ya fito, sai kanta ya fice daga hoton. Na tara Ramatu marar kai ta fi a ƙirga.

Ga kuma batiri. Ba a sharji sai ran kasuwar Karofane wurin mai gurup, injin ba da wuta, ni kuwa duk na cinye shi a kan kaza da yatsa. Ran nan Hamidu ya aiko cewa gobe da sassafe zai bi kamyo, babbar motar kaya, zuwa Madawa, daga can ya wuce. Na duba wayar, saura layi ɗaya, shi ma yana ƙyafta ido.

Bayan la'asar na wanke ku tas, na shafe ku da mai har kuna ƙyalli, na sa muku kayan Sallar bara. Wandon Babba ya tsaya a ƙwauri, takalmin Auta ya matse shi, tun daga ƙofar gida ya fara tsala ihu. Gonarmu muka nufa, Allah shaida, amma tana da nisa, rana na sauka, kuma hanyar ta ratsa ta kwari, ta gefen gonar maƙwabcinmu Baba Gado. Geronsa ya wuce kan mutum, kore shar, ga tsohuwar aduwarsa da tsawa ta taɓa tsagewa biyu, ga haske ya zubo ta gefe kamar narkakken man shanu. Na tsaya. Haske na bi, ba gero ba, ku rubuta wannan ku ajiye.

Na jera ku, Auta na ta ihu. Can gefe ragon Baba Gado na ɗaure da doguwar igiya, wani farin balami mai tsagaggen kunne da yake kiwo don Layya. Ragon ya tako a hankali, ya shinshina kan Auta. Yaron ya yi tsit, ya rungume wuyansa, ya washe baki. Aka janye ragon, ihu ya dawo. Aka sake shi, shiru. Amma in an bar shi haka sai ya juya ya kama cin rigar Illa.

"Ramatu, shiga bayan geron ki riƙe igiyar. In na ɗauki wanga sai in ɗauke ki ke ɗai, da kanki duka."

Ta shiga tana gunaguni. Saura Babba, ya tsaya can nesa ya ƙame kamar soja, rabinsa a waje. Ga shi ba ni iya kiran sunansa.

"Kai, wane! Matso."

Ba wanda ya motsa.

"Kai mai hula!"

"Inna, mu duka muna da hula," in ji Illa. "Wane kike nuhi? Hwaɗi sunan mu ji."

"Zan hwaɗi naka da bulala in mun koma gida."

Babba ya yi dariya, ya matso ya dafa kafaɗar Illa. A nan wani abu ya same ni da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun da na haifi yaron nan ban taɓa tsayawa na dube shi ido da ido ba, al'ada ba ta bari, kakarsa ce ta goya shi. Amma cikin gilashin wayar ba wanda zai ce kallonsa nake. Na dube shi son raina. Na ga gashin baki na tsiro masa, na ga hannuwansa sun yi kanta, na ga goshin ubansa sak. Na riƙe numfashi na danna. Hoton ya fito kamar a mafarki: yara uku suna dariya, rago a tsakiya, gero ya rufe sama, daga gefe kuma hannu ɗaya riƙe da igiya. Na ce Ramatu ta fito. Tana fitowa tana gyara kallabi, wayar ta yi wata 'yar waƙa ta mutu. Ramatu ta yi kuka har gida, kuma na san har yau ba ta gama yafe mini ba.

Karti ya tafi da Hamidu. Bayan kamar mako biyu mai butik ya ce ubanku ya bar saƙo in hau Biro. Muka hau da Ayya da Auta, don Auta ba a hawa babu shi. Ya ƙwace wayar ya yi alo-alonsa, sannan aka ba ni. Ban taɓa jin muryar ubanku da daɗi haka ba.

"Masha Allahu! Gero haka? Yara haka? Har rago kunka saya! Duk tasha sun gani, har wani Bayarabe ya ce in ba shi ke ki riƙe mishi gida. To ina Ramatu?"

"Hannun nan na gehe nata ne. Amma Malam, tsaya ka ji..."

"Hankalina ya kwanta. Tunda haka ne bari in ƙara shekara, in cika kuɗin jaki da sharet ɗin da zai riƙa ja. In an yi girbi ki kai ma kawu Tanko dami biyar. Ragon kuwa a yanka da Layya, a ba maƙwabta, kada a manta da Baba Gado."

"Malam, ragon..."

Ƙit. Kiredinsa ya ƙare, nawa kuwa babu. Na tsaya da waya a kunne ina kallon gari a ƙasa. Ayya ta ji komai, don wayar ba ta san asiri ba. Ta kama hannun Auta suka sauka, tana tafe tana cewa "Hm." Da daka, da tuwo, da alwala, sai "Hm." Da ma zagina ta yi ya fi mini sauƙi.

Ashe abin bai ma fara ba. Baba Gado yana da ɗa a Abijan, Sahabi, mai tura baro a kasuwa. Ya biyo shan shayi, ubanku ya miƙa masa hoton yana taƙama. Sahabi ya dubi aduwar da tsawa ta tsage, ya dubi kunnen ragon, ya ajiye kofi. Ya tashi ya tafi ya kira gida, ya ce wa ƙanensa a tambayi tsoho dalilin da zai sayar da gonar gado da ragon Layya bai shawarci kowa ba. Baba Gado kunnensa ya yi nauyi, abin da ya shiga ciki kawai shi ne an sayar da gonarsa. Ina tankaɗe sai na ji sanda na dukan ƙyauren gidanmu.

"Ina matar gidan ga? An ce kin sai gonata! Wa ya saida miki? Nawa kinka ba shi? Ni ko dala ban gani ba!"

"Baba, hoto ne kawai."

"Goro? Gona tawa a kan goro?"

Kafin azahar muna ƙofar mai gari, ni da Ayya da Baba Gado da duk wanda ba shi da aikin yi, wato rabin gari. Na durƙusa na yi bayani. Mai gari ya ce a kawo shaida. Allah ya taimake ni, Hamidu ya sa batirinsa ya kwafa hoton cikin wayar kafin ya cire kartin. Aka miƙa wa dattawa. Na farko ya riƙe ta kai ƙasa ya ce yaran a rataye suke. Na biyu ya danna wani abu waƙa ta tashi, ya saki wayar yana a'uzubillahi, Illa ya cafe. Da ta kai ga Baba Gado, ya daɗe yana kallo, sai na ga fuskarsa tana sakewa.

"Wanga ragona ne?"

"Shi ne, Baba."

"Kai! Ashe haka yake da kyau." Ya juya ga mai gari. "Diba wuya. Diba gero. Wa ke da irinai garin ga?"

Mai gari ya yanke hukunci cewa hoto ba ciniki ba ne, gona na nan ga mai ita. Baba Gado ya ce bai yarda a tashi ba sai an ɗauke shi shi ma, da ragonsa, gindin aduwarsa, a aika wa Sahabi ya san ubansa bai mutu ba balle a raba gado. Mai gari ya yi gyaran murya ya ce in an gama da Gado, akwai wani doki a gidansa da ba a taɓa ɗauka ba. Daga ranar na zama mai hoton gari. Duk matar da mijinta ke bida sai ta wanke 'ya'yanta ta aiko a kira ni bayan la'asar. Baba Gado kuwa da kansa ya tafi Buza ya sayo sabon karti.

Labari ya koma Abijan kafin kartin. Duk tashar da ta yaba wa ubanku ta dawo tana masa dariya, in ya zuba shayi sai a ce Allah ya sa ba na aro ba ne. Muka hau Biro da Ayya, ya kira a fusace.

"Kin sa na zama abin dariya! Ki ɗauki ɗiyana cikin gonar wani, da ragon wani?"

Kafin in buɗe baki Ayya ta karɓe wayar. Ba ta taɓa yarda ta yi magana a cikinta ba sai ran nan.

"Kai, ɗan nan. Hwarar motar da ka jingina da ita, yaushe za ka kawo ta in hau?"

Can ya ce, a hankali, ta wani likita ce da ke shan shayi wurinsa.

"To mu ma ragon shan shayi ya zo," in ji Ayya, ta miƙo mini wayar.

Duk da haka bai ce zai dawo ba. Ya ce dai a bar dami biyar ɗin kawu Tanko. Ayya ta ce tunda an gwada tawa ba ta yi ba, yanzu sai tata, ni kuwa ba ni da bakin musu. Da safe ta zaƙulo tsummokin da muke toshe rumbu da su ta sa muku, ta shafa muku toka a ƙafafu, ta ce mu yi gaba tana zuwa. Muna isa gonarmu ta tudu muka waiga, sai ga Ayya tafe cikin zanenta na biki mai ruwan shuni, da 'yan kunnen azurfa, ido ya sha kwalli.

"Ayya, ba tsummoki kinka ce ba?"

"Yara na ce. Ni tsohuwa ce, in na mutu wanga hoton za a riƙa dibi."

Ta jera ku cikin geron da bai kai gwiwa ba, ta tsaya a tsakiya kamar amarya.

"Ku yi huskar yunwa. Illa, shanye cikinka. Ku tuna ba ku ci komi ba tun jiya."

"Kaka, dambu munka ci yanzu," in ji Illa, ya saki gyatsa.

Shi ke nan. Babba ya fara, Ramatu ta kama, Auta bai san dalili ba ya faɗi ƙasa yana dariya. Ayya na zagi, kuna ƙaruwa. Duk hoton da na ɗauka, ga yara cikin tsumma haƙora waje kamar an ba su kyautar duniya, ga tsohuwa cikin ado tana nuna su da yatsa. Daga ƙarshe ita ma ta fashe, ta zauna bisa dutse tana share kwalli da gefen zane.

Da muka gaji, Babba ya ce tunda an zo bari ya taɓa aiki. Ya ɗauko hauyar ubanku da muke ɓoyewa cikin sabara. Ramatu ta goya Auta, ta shiga bayansa tana tsince ciyawar, Illa na kwasa. Kun manta da ni. Na tsaya tsaye a wannan karon, ban tsuguna ba, ban ce kowa ya matsa ba. Ramatu ta ɗago tana share zufa, ta dubi wajena, na danna. Duk muka zuba cikin kartin Baba Gado, ya tafi da wani direban albasa.

Kiran da ya biyo baya, muryarsa a sanyaye take. Ya ce ya ga gonar. Ya ce ya ga mahaifiyarsa, Allah ya ƙara mata lafiya da kwalli. Sannan ya ce:

"Na ga Babba da hauyata, na ga Illa. To wagga budurwar da ke goye da Auta, ta gidan Gado ce ita ma? Ku daina sa kayan mutane cikin hotona."

Na buɗe baki in yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa. Ramatu na tsaye kusa da ni, ta ji. Yarinyar da ya bari tana bin sa gona da butar ruwa, yana ɗora ta a wuya in ta gaji. Ta sa hannu ta karɓi wayar.

"Baba, ni ce. Ramatu."

Ba mu ji komai ba sai hayaniyar motocin Abijan. Sai ya ce, "Ramatu," ya sake cewa, "Ramatu," kamar mai koyon sunan. Daga nan ya kashe, kuma wannan karon ba kiredi ba ne.

Ana cikin yankan gero ya iso. Ya sayar da teburin shayin da arha don sauri, kuɗin sharet bai cika ba, kuma bai taɓa cika ba har ya bar duniya. Abin da muka girbe a tudu bai kai mu rani ba, mun sha kunu tsararo a shekarar fiye da kowace, har na sayar da akuyata. Ayya ta ce dabararta ce ta kawo shi, na bar mata. Daga baya ya ci gaba da zuwa bida, amma rani kawai, hadarin fari na tasowa yana gida.

Ranar da ya iso da hantsi, gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Babba ya karɓi jakarsa, Illa ya maƙale masa, Ramatu ta durƙusa ta gaishe shi, yana ta gyaɗa mata kai. Auta kuwa da ya ga baƙon mutum ya miƙo masa hannu, sai ya zunduma ihu ya shige bayan zanena. Aka ba shi alewa, ya karɓa ya koma. Aka ce ga Baba, ya ce a'a, Baba na bisa dutse. Har la'asar ana lallashi, yaro ya ƙi. Na ga abin ya fara cin ubanku, yana murmushi don mutane amma idonsa ya yi ja.

Can sai ya tashi, ya zagaya bayan rumbu inda ba a ganinsa. Muka ji ya ɗaga murya, irin yadda yake yi in yana kira daga nesa.

"Alo? Alo! Auta, kana ji na?"

Yaron ya saki zanena. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya kai ɗan tafin hannunsa ga kunne.

"Alo, Baba! Ina ji!" Ya juyo gare ni, ido waje. "Inna, yau rezo ya zo har gida!"

Ya bi muryar a guje, yana alo-alo, ya ɓace bayan rumbun. Muka yi shiru muna jiran ihu. Ba mu ji ba.